Wayar da Inna Ta Hana a Taɓa

Markar bana ta zo da irin ruwan nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya wuni yana tsiyaya. Shagona na gyaran waya a bakin kasuwar Talata Mafara duk ya ɗauki warin danshi, ciniki kuma babu, don mai neman abin da zai dafa ba ya tuna wayarsa ta lalace. Ina zaune haka sai ga Kulu, 'yar ƙanena Garba, ta lulluɓe kai da buhu, ta rungumo kwallar Inna. Inna ita ce mahaifiyarmu, mun binne ta kafin saukar ruwan fari. Mata sun raba zannuwanta da kwanukanta, amma wannan kwalla kowa ta ƙi ɗauka, don duk gidan an san abin da ke ciki.

Kulu ta ajiye ta a kan teburina, ta ce, "Baffa, Inna ta ce babana na ciki. Ta ce kai ka hiddo shi."

Na ɗaga murfin. Wayar Garba ce a naɗe cikin tsohon kallabi, da tsagar nan da ta ratsa gilashinta daga kusurwa zuwa kusurwa. Kulu ba ta taɓa ganin fuskar ubanta ba, an kashe shi tana ciki. Na ce ta zauna a benci ta sha iska, na sa wayar a caji. Kafin ta kawo wuta, zuciyata ta riga ta koma wata marka, ta shekarar da gidanmu ya bar ƙauye.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Faru, cikin ƙasar Maradun. Ni ne ɗan fari, Lawali, shi ya sa har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga" take ce mini, in ranta na daɗi kuma "mai waya". Ni na guje wa garma tun da ƙuruciya, na zo Mafara na koyi gyara. Garba ya zauna ya riƙe gonar Baba. Duk ranar Talata yakan zo cin kasuwa, ya baje a kan bencin shagona, ya cinye mini gyaɗa, yana tsokanata wai hannuna ya yi laushi kamar na amarya. Ba ni da hotonsa ko ɗaya. Na san abin kunya ne ga mai irin sana'ata, amma Baba malamin allo ne da ba ya son hoto, a haka muka tashi. Kuma wa ke tunanin ɗaukar hoton mutumin da zai sake gani Talata mai zuwa?

Sai na faɗi yadda muke aiki a wancan lokaci, don daga nan abin ya faro. Da daji ya lalace, 'yan bindiga suka riƙa tare hanyoyin ƙauyukanmu. Ba kullum suke kwashe mutane ba. Akwai lokacin da ƙauye zai biya abin da suka yanka masa, sai su bar mutane su wuce kasuwa, amma sai sun duba waya. Suna neman hoton bindiga, ko na wani mai kaki, ko duk abin da zai nuna akwai ɗan sa-kai a gidanku. Wanda aka samu da irin wannan ba ya isa kasuwa. Cire memori a ɓoye shi a lalita kuwa ya fi muni, don in suka lalubo shi ba sa ma tambayar abin da ke ciki. Sai mutanenmu suka samo dabara: kafin a hau babur a goge komai, a nuna musu waya fes, in an iso Mafara a kawo mini in dawo da shi.

Kuma yana dawowa. Memori, in ka goge abu a cikinsa, sunan abin kawai ake cirewa, a ce wurin ba mai shi. Abin kansa yana nan kwance sai ranar da aka ɗora wani a kansa. In na sa shi a kwamfuta na bi lungu-lungu, sai hotuna su riƙa fitowa, na suna, na biki, na shanun da aka riga aka kore. Doka ɗaya nake ba kowa: in ka goge, kada ka ɗauki sabon hoto, kada ka karɓi waƙa, ka ajiye ta kawai kada ka taɓa. Dokar nan ta zaga ƙauyuka har tsofaffin da ba su san inda ake kunna waya ba sun haddace ta.

Inna ma ta haddace, kuma ita ba ta ga abin mamaki a ciki ba. Muna yara an yi wata yunwa, Baba ya leƙa rumbu ya ce ya ƙare. Inna ta bari ya fita, ta ɗaga Garba, don shi ne ƙarami, ta zura shi ciki da tsintsiya da ƙwarya. Ya sharo tsaba daga tsagogin ƙasa, haɗe da turɓaya da kashin ɓera, ta sheƙe, ta dama mana kunu. Tun daga ranar, a wurin Inna, ba a taɓa yin rumbun da ya ƙare ƙurmus ba.

Ranin shekarar da gidanmu ya bar ƙauye, Garba ya sauko filayen ban-ruwa na Bakolori, ya kama ɗan fili ta wajen Bakura ya yi albasa, Allah kuma ya ba shi sa'a. Wata Talata sai ga shi yana taku ɗai-ɗai, ya zaro sabuwar waya daga aljihu ya kara mini a hanci.

"Yaya, duba nan. Wagga ba irin tarkacen da kaka gyara ba ta. Ba ta son memori, cikinta kaɗai ya isa."

Na ce, "To mai albasa, mi za ka zuba ciki? Hoton jakinka?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Muna da baƙo bisa hanya. In ya iso, ina son in ɗauke shi tun yana jinjiri."

A haka na ji cewa matarsa Rabi tana da ciki.

Bazarar ta yi tsawo. Zafi irin wanda in ka jingina da bango sai ka ji kamar an ɗora maka dutsen guga. Hadari zai haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin, mata su kife tukwane su fito da bokitai, sai iska ta taso ta watsa shi, a kwana cikin zufa. Na je gida na taya Garba binne, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran rahama. Ruwa ya sauka sau ɗaya mai kyau, gero ya tsiro, gona ta yi shar, sannan sama ta rufe bakinta. Muna kallo tsiron ya naɗe, ya yi ja, ya kwanta. Da ruwa ya dawo sai da Inna ta buɗe geron ci aka sake shuka da shi. Kowa a gidan ya san abin da hakan ke nufi: abin da ya kamata ya kai mu kaka an zuba rabinsa a ƙasa.

Daga nan hanya ta ƙara lalacewa, na daina zuwa. Labarin gida sai dai in Garba ya samu fitowa. Ya ce yanzu ba mai zuwa gona shi kaɗai, don mutum ɗaya a gona kamar an ajiye wa 'yan bindiga shi ne. Sai suka dawo da gayya irin ta da. Duk mazan ƙauye su faɗa wa gona ɗaya tun da sanyin safiya, su gama ta, gobe su koma ta wani. Bambancin kawai, gayyar da ana zuwa da makaɗi, ta yanzu kuwa da mutum biyu ake zuwa su hau kan suri da bindigar harbi-ka-ruga suna duba daji. Furar da mata ke kawowa ta riƙa sirancewa har ta zama ruwa mai launin fura. Daga baya ma sai tafasa da rama, a dafa a murza ɗan ƙuli a kai. Garba ya rame, wuyansa ya fito, amma bakinsa bai mutu ba.

A ranar gayyar gonarmu abokinsa Isiya ya karɓi sabuwar wayar ya ɗauke shi bidiyo. Sau ɗaya na gani, a kan bencin nan da Kulu ke zaune. Garba ne a gaban layi da malafa a kai, yana sara yana ja, laka har gwiwa. Ya ɗago ya ga ana ɗaukarsa, ya fashe da dariya, ya ce, "Kai Isiya, aje waya ka kama aiki, raggo!" A bayansa ga masu bindiga biyu a kan suri. Bai tura mini ba, ni ma ban nema ba, don bidiyo mai bindiga a ciki ko a Mafara ba abin yawo da shi ba ne.

Gero ya kai tsayin da zai ɓoye mutum lokacin da 'yan bindigar daji suka same shi. Da safe ya ce bari ya leƙa waken da ya shuka a gefen gona, nan kusa, ba zai daɗe ba, ko wayar bai ɗauka ba. Mutanen gari sun ji harbi. Da aka zo aka faɗa wa Rabi, wayar na hannunta, ta sake ta a kan dutsen niƙa. Asalin tsagar ke nan. An binne shi da gaggawa, rabin masu sallar suna waige. Ni ban samu hanya ba, ban ga gawar ƙanena ba, kuma wannan abu har yau yana ci mini rai.

Ba a gama zaman makoki ba suka dawo suka cinna wa gefen ƙauyen wuta. Ɗakin Garba na ciki, da katin zaɓensa, wanda shi ne kaɗai takardar da ke ɗauke da fuskarsa. Kowa ya kama gabansa. Inna ta ɗaura 'yan tsummokaranta, ta kama hannun Rabi, ga takaba ga tsohon ciki, suka hau babur ɗaya. Rabi ce ta ba ni labarin hanyar daga baya. Ta ce tun rasuwar ba ta da aiki sai kallon bidiyon nan, ta kai ƙarshe ta dawo farko.

Kafin su kai wata tsamiya inda ake tare hanya, ɗan kabu-kabun ya tsaya ya ce, "Duk mai waya shi goge. Har kwandon sharar da ke cikin wayar, sun san wurin."

Rabi ta ƙanƙame wayar ta ce ita ba za ta goge ba.

Inna ta ce, "Goge, ɗiyata. In sunka ga bindigogin ga, ke da abin da ke cikinki ba ku kai Maradun. Goge, mai waya na hiddo muna shi. Aikinai na."

Rabi ta sake kallonsa sau ɗaya, yayyafi na sauka a kan gilashin, sannan ta goge. A gindin tsamiyar wani matashi mai bindiga ya miƙo hannu, ta ba shi. Ya juya wayar, ya ga tsagar, ya ja tsaki, ya jefa mata a cinya. Bai ma kunna ta ba.

A Maradun marka ta tsare su. Gulbi ya kawo, ruwa ya cinye wani gefen hanya, motoci suka tsaya. Suka raɓa a barandar wata makaranta tare da sauran waɗanda suka gudo, kowa a jiƙe, itace ya ƙi kamawa, yara na tari. Abin da suka ci a kwanakin nan bai wuce garin kwaki da wani bawan Allah ya raba ba. Amma Inna ba ta cikinta take ba, ta wayar take. Tsoronta kada batir ya mutu abin da ke ciki ya mutu tare da shi. Kullum da safe sai ta kai ta wurin mai caji a bakin tasha, ta sa a jona, ta zauna a gefe cikin yayyafi tana gadi har la'asar, kada wani ya taɓa. Ta bi dokata fiye da yadda ni kaina zan bi ta.

Ranar da suka iso shagona ƙafafun Rabi sun kumbura har silifa ba ta shiga. Inna ba ta yi kuka ba. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya ta yi mini, na miƙa mata ruwa ta ture kofin. Ta kwance bakin zane ta fito da wayar.

"Kai wanga, ga ta. Mun goge, amma ba mu sa komi ba. Ko taɓa ta ba a yi ba. Hiddo muna shi."

Na ce in sha Allahu, da bakin mutumin da ya yi abu sau ba adadi. Na kai su gida, na dawo na jona wayar da kwamfuta. Memori, ko na wane ne, in ka bincike shi sai ka ga tarkace, guntun waƙa, rabin hoto, abin da mai shi ya manta ya taɓa ajiyewa. Wannan kuwa na bi ta duk hanyar da na sani, fayau. Na canza igiyar jonawa, na canza manhaja, na aro kwamfutar maƙwabcina. Gumi ya jiƙa mini riga alhali ana sanyin ruwa. Da rana ta yi gora na kira wani abokin sana'a a Gusau wanda ya fi ni sanin sabbin wayoyi.

Ya tambaye ni, "A memori yake ko a kan waya?"

Na ce a kan waya.

"Bayan an goge, an sa ta caji an bar ta a ajiye?"

Na ce an yi, kwana da kwanaki ma.

Ya ce, "Lawali, sai haƙuri."

Shi ya fahimtar da ni abin da ban sani ba sai ranar. Ma'ajiyar da ke cikin irin waɗannan wayoyi ba ta iya rubuta sabon abu a wuri sai an fara wanke wurin. Don kada waya ta yi nauyi, sai aka gina ta yadda ita da kanta za ta riƙa sanar da ma'ajiyar duk wuraren da aka goge abin da ke kansu, ita kuma ta wanke su tas tun kafin a buƙace su. Ba ta yin wannan shara lokacin da ake aiki da ita. Tana jira ne sai an ajiye ta, tana kan caji, ba mai taɓa ta. Ina jin haka na ga Inna a zaune a bakin tashar Maradun, ruwa na ɗiga daga mayafinta, tana gadin wayar, wayar kuma tana share mata ɗa. Na kifa kaina a kan teburin nan na yi kukan da ban samu yi a bakin kabarinsa ba.

Da na koma gida na same su a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Na durƙusa na ce, "Inna, babu shi. Wagga ba irin masu memori ba ta. An share wurin."

Rabi ta gane nan take. Ta ɗora hannu a kan cikinta, ta tashi ta shige ɗaki.

Inna ta ce, "Wa yash share? Mu ba mu share ba."

"Ita ta share kanta, Inna."

"Waya ta share kanta." Ta dube ni irin kallon da take yi mini ina yaro in na ce akuya ce ta shanye nono. "Ni dai ban taɓa ganin rumbun da anka share ba a samu ko tsaba ɗaya ba. Kai na ba ka iya ba. Ba ni abina, wani na iyawa."

Na miƙa mata. Maganar caji kuwa ban faɗa mata ba, kuma na gode Allah da ta mutu ba ta sani ba.

Ban haƙura nan da nan ba. Mutanen ƙauyenmu sun watsu a Mafara, wasu a kangaye, wasu a shagunan da ba a gama ginawa ba. Na bi su ɗaya-ɗaya cikin taɓo ina tambaya ko akwai wanda Garba ya taɓa tura wa wani abu. Wannan ya ce an ƙwace tasa, wancan ya ce ya sayar ya sayi masara. A ƙarshe na samu Isiya a bayan tasha yana dako. Ya ce akwai hoto ɗaya na ranar gayyar da ya karɓa, shi ma ya goge a gindin tsamiya, amma tasa mai memori ce. Sai dai tun da ya zo ba ya iya barci, ya je aka cika masa memorin da karatu da wa'azi don ya riƙa saurare. Ya san dokar, ya ce, amma kansa ne ke neman tarwatsewa. Ban ga laifinsa ba.

Na bincike memorin duk da haka, hoton ya fito, amma rabi. Daga sama ga sararin sama, ga kawunan ganyen gero, ga ƙololuwar malafa. Daga nan zuwa ƙasa toka-toka ne kawai, an riga an ɗora wani abu a wurin. Na kai wa Inna ta gani. Ta ce, "Malafatai ta." Sannan ta sa farce tana kankare wurin tokar a hankali, kamar datti ne ya manne a gilashin.

Sauran damanar a yunwa muka ƙarasa ta. Gidana ɗaki biyu ne, muka cika shi har zaure. Hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, don ƙauyukan da ke kawo shi su ne suka dawo gari suna nema. Muka koma cin abinci sau ɗaya, da yamma, don a samu a yi barci. Matata da Inna kan bi gefen magudanar ruwan Bakolori su tsinko tafasa da lalo, su dawo ƙafa duk ƙaiƙayi. Inna takan rage nata tuwon ta tura wa Rabi, ta ce ita ta ƙoshi, alhali muna jin kukan cikinta. Da kaka ta yi, labari ya zo cewa geronmu ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Waɗanda suka kashe mai shi su suka sa ragowar mutanen ƙauye suka yanke musu, suka ɗaure, suka kai musu daji.

A cikin wannan kaka aka haifi Kulu. Inna ta karɓe ta, ta juya ta, ta ce, "Kunnuwanai na." Bayan yaye Rabi ta yi aure a Bakura, ta bar yarinyar a hannun Inna. Ba ta sake tambayar wayar ba, ko ganinta ba ta son yi.

Inna kuwa ta mayar da ita cikin kwalla. Duk Juma'a sai ta fito da ita ta sa a caji, ta zauna kusa har ta cika. In ta ji an buɗe sabon shagon waya a gari sai ta yafa mayafi ta tafi. Duk su faɗa mata abin da na faɗa, ta dawo ta ce yaran zamani ba su da haƙurin bincike. Ko a lokacin da muka rasa na cefane, na ce a gyara gilashin a sayar, sai da ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Yanzu dabarar gogewa ta mutu, don wayoyi masu memori sun yi ƙaranci, kuma labarin wayar Garba ya zaga. Mai zuwa ƙauye yakan bar babbar wayarsa a gari ya ɗauki 'yar ƙarama. Mu kuwa ba mu da abin zuwa yi, gonar Baba ta zama daji.

Wayar ta kawo wuta. Kulu ta taso daga benci ta leƙo, haɓarta a kan teburina. Na buɗe wurin hotuna na juya mata. Ba komai sai farin fili.

Na ce, "Kulu, babanki ba ya ciki. Tun ba a haihe ki ba babu shi. Inna ta so shi zan yana nan, amma babu."

Ta daɗe tana kallon farin filin. Ba ta yi kuka ba, jikar Inna ce. Ta ce, "To wa yas san kamatai?"

"Ni na sani."

"Hwaɗa mani."

Na fara. Na ce dogo ne, baƙi, kunnuwansa irin nata. Sai ta katse ni.

"Baffa, in kai ma ka mutu kamar Inna fa? Sa ciki."

Na dubi wayar. Shekara da shekaru ba a sa mata ko ɗigo ba, saboda dokar da ni na kafa. Na danna wurin ɗaukar murya, na ajiye ta a tsakaninmu. Na faɗi tsayinsa da faɗin kafaɗarsa. Na faɗi yadda yake tafiya kamar ana jiransa, da yadda yake cinye mini gyaɗa ya bar ɓawon a ƙarƙashin benci. Na faɗi ranar da aka zura shi cikin rumbu ya fito fari fat da ƙura yana atishawa, Kulu ta yi dariya. Na faɗi albasar Bakolori, da dalilin da ya sa ya sayi wayar. A nan ta daina dariya.

Ta ce, "Muryatai fa? Yi irin maganatai in ji."

Na buɗe baki. Kalmomin suna nan, ban manta ko ɗaya ba: kai Isiya, aje waya ka kama aiki. Amma da na nemi sautin sai na rasa. Na nemi dariyar nan da na sha ji duk Talata, na laluba ko'ina a kaina, wadda nake ji tawa ce, ko ta Isiya, ko ta wani mai wucewa. Ban san ranar da ta tafi ba. Kullum ina ɗauka tana nan a ajiye, sai ranar da na buƙace ta. Bakina a buɗe, Kulu na kallona, ruwa na zuba a kan kwanon shago, wayar na ta ɗauka. Da na ga ba abin da zai fito, na sa yatsa na tsayar.

Kulu ta ce in kunna mata. Muka saurara tare. Muryata ce, da dariyarta a tsakiya, da tambayarta, sannan ƙarar ruwa mai tsawo. Ba ta ce in tsallake ba, ta saurari ruwan har ƙarshensa.

Sannan ta zare wayar daga caji, ta naɗe ta cikin kallabin yadda ta saba gani ana yi, ta sa a kwalla ta rufe. Ta ja buhunta ta lulluɓe kai, ta rungumi kwallar a ƙirji. Da ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baffa, kada kowa shi taɓa."